Arahar Da Sai Mai Kuɗi Ke Iya Saya

A ƙarshen watan Oktoba na 2024 wuta ta ɗauke a mafi yawan jihohin Arewa, ta yi sama da mako guda ko ƙyallinta ba a gani ba. An lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi ya haura Jos shi ma ya samu matsala, sai aka wayi gari daga Katsina har Gombe kowa ya koma kan janareta, litar fetur kuwa a lokacin ta haura naira dubu. A layinmu a nan Kano gida uku ne kawai ke da haske idan dare ya yi, kuma ba ka jin ƙarar inji a ko ɗaya, don duk sola suke da ita. Bayan sallar magariba sai ka ga yara a ƙofar gidajen nan, kowa da waya biyu ko uku a hannu, suna sallama: "Wai in ji Umma don Allah a sa mata caji." Wani lokacin kuma da kwano za a aiko, a nemi ruwan sanyi saboda mara lafiya.

Masu gidajen mutanen kirki ne, ba su mayar da yaro ko ɗaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne su wane ne su. Ɗaya ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ɗaya ma'aikacin banki, na ukun kuwa ɗansa da ke aiki a ƙasar waje ne ya aiko da kuɗi aka haɗa masa. Duk cikinsu babu wanda tuwon gidansa ya rataya a kan wutar. Waɗanda nasu tuwon ya rataya a kanta suna cikin duhu. Telan bakin layi ya lulluɓe kekunansa da tsohon zani ya koma kan benci, don ya lissafa ya ga in ya tayar da inji a wannan farashin, kuɗin ɗinkin a gidan mai zai ƙare. Maƙwabciyarmu mai ƙanƙara da zoɓo ta zubar da abin da ya lalace ta bar murfin firizarta a buɗe.

Tun daga lokacin na tsaya a kan magana ɗaya. Ga wanda ya saba rayuwa da janareta, yau babu wutar da ta kai ta sola araha, amma arahar nan sai mai kuɗi ke iya sayenta. Masu talla sukan faɗi rabin farko su haɗiye na biyun.

Wata la'asar na zauna da telan nan muka yi lissafi a bayan takardar awo. Ranar da babu wuta, wato mafi yawan ranaku, lita uku yake ƙonawa. Muka sa lita a naira 900, ya kama 2,700 a yini. Kwana 26 yake aiki a wata, naira 70,200 ke nan. A shekara ya haura naira dubu 840, ba mu sa baƙin mai ba, ba mu sa filogi da kuɗin makaniki ba, ba mu sa ranar da injin zai ƙi tashi ya wuni bai ɗinka ko aljihu ba. Wani mai haɗa sola ya taɓa yi masa ƙiyasin abin da zai ɗauki kekunansa biyu da fanka da fitilu, ya ce kusan naira miliyan ɗaya da rabi. Na ce masa, "Ka ga ke nan kafin shekara biyu ta mayar da kuɗinta." Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Malam, ai wannan lissafin ni ma na iya shi. Dubu biyu da ɗari bakwai kullum ina iya nemota. Miliyan ɗaya da rabi a dunƙule fa, a ina zan gan ta?"

Ban samu abin ce masa ba. Talaka a ƙasar nan ya daɗe yana sayen komai da tsada saboda kaɗan-kaɗan yake saye: gwangwanin shinkafa maimakon buhu, ƙullin mai maimakon galan, jarkar ɗan garuwa maimakon famfo. Yanzu wuta ta shiga sahu. Mai hali ya biya sau ɗaya ya huta, mara hali yana biya kullum har ya ninka abin da mai halin ya biya, kuma a ƙarshe babu abin da ya mallaka sai tsohon inji mai hayaƙi.

Shekara goma baya lissafin nan ba haka zai fito ba. A duniya farashin farantin sola ya faɗi warwas, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, saboda masana'antun ƙasar Sin, waɗanda yau suke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na farantan da ake sayarwa ko'ina. A gida kuma, ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta tsaya ba sai da ta haye dubu a shekarar da ta biyo. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya tsaya sama da 200 kaɗan. Faɗuwar naira ta cinye wani kaso na arahar farantin, tunda da dala ake shigo da shi, amma duk da haka fetur ya fi shi gudu.

Yunit shi ne abin da mita ke ƙirgawa, wato wutar da na'ura mai wat 1,000, kamar dutsen guga, za ta sha a awa ɗaya. Ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita guda. In kayan da aka ɗora masa kaɗan ne ma ba zai kai haka ba, don inji yana shan mansa ko ƙwan fitila ɗaya ka kunna. In lita tana naira 900, mai janareta ke nan yana sayen yunit sama da naira 450, ninki biyu na abin da ɗan rukunin A ke kuka da shi. Faranti guda mai wat 400 kuwa, a ranar Kano ko Sakkwato ko Damagaram, yakan ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, kuma mai kyau yana kai shekara 25 yana aiki, ƙarfinsa na raguwa sannu a hankali. Faranti ɗaya yana ba ka kusan abin da lita guda za ta ba ka, kullum, ba tare da ka je layin gidan mai ba. Jamus da ta cika rufin gidajenta da farantai kusan rabin hasken ranar da muke samu take samu a shekara. Wanda yake rukunin A kuma da gaske awa 20 ɗin nan take zo masa, nasa lissafin daban ne, sola mai batir za ta daɗe ba ta mayar masa da kuɗinsa ba. Sai dai mu nawa ne ke cikin wannan ni'imar?

Inda kuɗin ya taru shi ne batir. Rana ba ta karɓar ko kwabo, amma da magariba take tafiya, mu kuwa da magariba muke son fanka da talabijin. Batir shi ne rumbun da ake tara wutar, shi ya fi komai tsada a cikin kayan, kuma shi yake riga komai mutuwa. Da kuɗina na koyi wannan. Lokacin da na fara haɗa sola a gida na bi araha, na sayi batiran ruwa guda biyu a wani shago, mai shagon ya rantse mini sababbi ne. Aka ajiye su a wani lungu kusa da kicin inda iska ba ta shiga. Babu wanda ya gaya mini cewa irin wannan batir, wato batirin dalma, ba a shanye shi ƙarƙaf, rabin abin da ke cikinsa kawai ake taɓawa in ana son ya yi ƙarko. Babu wanda ya ce mini zafi yana cin ransa, cewa ƙarin zafin maki 10 a kan 25 yana iya rage kwanansa da rabi, alhali a bazararmu ɗaki yana haura maki 40. Muka riƙa kwana da firji da fankoki a kunne, wata rana har dutsen guga a jona. Ba su cika shekara ba suka gaza. Ƙarfe goma na dare inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara kuka, fanka ta tsaya, yara su farka sharkaf da gumi. Da na koma shagon aka ce ai ni na kashe su da kaina. Akwai gaskiya a ciki. Amma wani mai gyara da ya duba su ya ce mini tsofaffi ne aka wanke aka manna wa sabuwar takarda.

Da na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko, sai na ga ko sababbin ne ba za su ɗauki abin da na ɗora musu ba. Babban batir ɗin nan da ake rubuta 200 a jikinsa yunit 2.4 yake ɗauka a takarda, wanda za ka sha lafiya kuwa 1.2 ne. Fankar sama tana cin wat 70 ko fiye. Fanka uku su kwana awa takwas suna juyawa, sun sha yunit ɗaya da rabi da ɗoriya, sun wuce rabon batir guda tun ba a kunna wani abu daban ba. Fankar da aka ƙera don sola kuwa wat 20 zuwa 30 take ci. Shi ya sa nake ce wa duk wanda ya nemi shawarata ya fara da rage cin gidansa kafin ya sayi faranti ko ɗaya: ya canza ƙwayaye, ya canza fankoki, ya fitar da hita da dutsen guga daga lissafi. Kowace naira da aka kashe a nan tana rage da yawa a kuɗin batir. Batirin litiyom ya fi tsada ranar saye, amma ana shan kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa, yana ɗaukar caji sau dubbai, kuma ba ya neman a riƙa zuba masa ruwa. Kafin ya gaji an canza na dalma sau biyu ko uku. Nan ma dai maganar ta dawo inda ta fara, mai kuɗi ne yake iya sayen wanda ya fi araha.

Wannan ne ya canza mini tunani game da abin da ya kamata mu nema daga sola. Mun ɗauke ta a matsayin wata NEPA da za ta raka mu dare, kuma wannan ita ce fuskarta mafi tsada. Solar da ta fi riba ita ce wadda ba ta kwana, wadda ake shanye ta da rana tana sauka daga faranti, ta shiga aiki kai tsaye.

Kawuna yana noman rani a fadama wajen Haɗeja, albasa da tattasai da ɗan alkama. Tun da na buɗe ido da ƙaramin injin ban-ruwa na fetur na san shi. Bayan cire tallafi ya bi sahun waɗanda suka juya injinsu ya koma shan gas ɗin girki, sai ka ga tukunyar gas a bakin gona, ya ɗan samu sauƙi kafin gas ɗin ma ya tashi. Daga baya ya sayar da sa guda, ya haɗa da kuɗin albasa, ya sayi injin jan ruwa na sola da farantansa. Babu batir ko ɗaya. Rana ta fito injin ya tashi, rana ta yi sanyi ya kwanta. Da hantsi ruwan siriri ne, kafin azahar ya cika bakin tiyo. Na ce masa, "Kawu, ba ya yi maka jinkiri?" Ya ce, "Ɗana, wane jinkiri? Da can ina ba gona ruwa idona na kan jarkar mai, in ta yi ƙasa in kashe ko komin ƙarshe bai sha ba. Yanzu sai ƙasa ta ƙoshi." Damuwarsa ɗaya ce, ɓarayi. Kullum da yamma sai yaransa sun kwance farantan sun ɗora a amalanke sun kai gida, da safe a mayar. Aiki ne, amma ya ce ya fi masa biyan kuɗin mai.

Akwai rumbunan da suka fi batir araha, kuma mun san su. Tankin ruwa a sama ɗaya ne: injin rijiyar burtsatse ya cika shi da tsakar rana, cikin dare ruwa ya sauko da kansa. Ƙanƙara ma rumbu ce. Firiza mai kyau ta daskarar da ruwa da rana, in ba a yawan buɗe ta ba za ta kwana da sanyinta. Firjin ajiye allurar rigakafi da ake kai wa ƙananan asibitocin karkara da yawansu haka suke aiki, ba batir, ƙanƙarar da ke jikinsu ce ke riƙe sanyi har gari ya waye. Ka duba kuma sana'o'in da ke ciyar da unguwanninmu: ɗinki, aski, cajin waya, markaɗe, buga takardu, shagon magani, sayar da ruwan sanyi. Kusan duk na rana ne. A 'yan shekarun nan da azumi yake faɗowa cikin zafi, kowa ya ga yadda ƙanƙara ke zama zinariya da la'asar, ana layi ana rububi. Matar da ke cikin gida tana ƙulla zoɓo da kunun aya, in ta samu firiza da farantai uku ko huɗu, ta samu jarin da ba ya jiran a kawo wuta. Ni a ganina duk wani shirin tallafa wa mata da zai raba firiza ba tare da abin da zai kunna ta ba, akwati ya raba.

Ba komai za ta ɗauka ba. Mai walda, da mai babban injin niƙa, da mai son kwana da na'urar sanyaya ɗaki, za su iya, amma da kuɗin da zai sa mutum ya sake tunani. A tsakiyar damina akan jera kwanaki hadari ya rufe sama, abin da faranti ke bayarwa ya ragu sosai. Da hunturu ƙura ce, hazo ya rage hasken daga sama, wadda ta kwanta a kan gilashin ta rage daga ƙasa, in ba a wankewa sai a yi ta zargin kayan alhali datti ne. Mutane da yawa kuma suna zaton zafi ne abincin faranti. Haske ne abincinsa, zafi rage masa ƙarfi yake yi, shi ya sa ba a manna shi a jikin kwano, ana barin tazarar da iska za ta bi ta ƙarƙashi. A yankinmu kudu ake fuskantar da shi, a ɗan kishingiɗar da shi yadda ruwa zai gangara, a nisanta shi daga inuwar darbejiya da ta tanki, don inuwa a kan kusurwa ɗaya tana iya jan na sauran ƙasa. Siririyar waya kuwa gobara ce ke jiran rana. Duk yaron da ya iya ɗaura soket yau ya zama injiniyan sola, ba laifinsa ba ne, nema yake yi, amma kwalejojin fasaharmu ya kamata a ce sun cika da irinsu ana koya musu aikin a ba su shaida, mai gida ya san wa zai kira.

In koma kan tambayar tela, a ina zai ga kuɗin a dunƙule. Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Dubi adaidaita sahu. Matasa nawa ne a Kano suka mallaki babur ɗin nan da kuɗinsu a dunƙule? Mai hali ne yake saye ya ba yaro, yaro yana kawo balas kullum ko duk mako har ya zama nasa. Me ya hana a yi wa firiza da injin ban-ruwa da kayan shagon tela haka? Da yawanmu muna gudun bashin banki saboda ruwa, kuma muna da hujja. Amma malamai sun daɗe da bayyana murabaha, a sayi kaya a sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi a kanta tun farko, ka biya a hankali. Muna da bankunan da aka gina a kan wannan, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019. A ce an sayar wa telan nan kayan miliyan ɗaya da rabi a kan miliyan 1.8, yana biyan dubu 60 a wata. Cikin wata 30 ya gama, kuma duk tsawon lokacin abin da ke fita daga aljihunsa bai kai abin da yake kai wa gidan mai ba. Ba sadaka ake nema masa ba, ciniki ne da kowa zai ci riba. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya masa, kuma ƙungiyoyin teloli da na manoman albasa da na 'yan kasuwa sun san mutanensu fiye da yadda kowace takardar banki za ta san su. Manomi kuma a bar shi ya biya da kaka, don ba albashi yake ɗauka ba. Kamfanonin da ke ba da ƙananan kayan sola ana biya kaɗan-kaɗan ta waya sun nuna cewa talaka yana biyan bashi, sun fitar da gidaje da yawa daga fitilar kananzir da tocila. Sai dai yawancin kayan nasu na haske ne da talabijin, ni kuwa wanda zai haifar da kuɗin da za a biya shi nake so in ga ya yawaita.

Kuɗin gwamnati ma a nan ya kamata ya fi zuba. A watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Da ni ake tambaya, da na ce jihohinmu su ware wani kaso su tsaya lamuni ga masu ƙananan sana'a, maimakon abin da muka fi gani, wato fitilun kan titi. Ana kafa su a jere da sunan aikin mazaɓa, a ƙaddamar da kiɗa, bayan damina biyu rabinsu sun mutu, don an yi kasafin saye ba a yi na canza batir ba. Rijiyoyin burtsatse masu sola nawa ne a ƙauyukanmu suka tsaya saboda wata 'yar na'ura da babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara ta? Manyan ayyuka irin tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, da ta megawat 10 da aka ƙaddamar a Kumbotso a watan Janairun 2023, abin a yaba ne, amma birni kamar Kano ɗaruruwan megawat yake bukata. A 2025 kuma aka ji wani minista yana maganar hana shigo da farantai don a ƙarfafa na gida. Ina son a ƙera a gida, amma a hana shigowa tun masana'antunmu ba su iya wadatar da ko jiha ɗaya ba, ƙara wa tela nisa ne tsakaninsa da farantin. Abin da ya kamata a tare a tashar jiragen ruwa shi ne jabu, farantin da aka rubuta wa 400 alhali bai kai ba, da tsohon batir mai sabuwar riga.

Akwai kuma abin da nake tsoro. A kasafin 2025 an ware naira biliyan 10 don haɗa wa fadar shugaban ƙasa sola. In fadar ta fita daga layin wuta, manyan ma'aikatu suka fita, masu hali suka fita, wa zai rage yana jin zafin lalacewar layin har ya matsa a gyara? Pakistan ta shigo da farantai na kusan megawat dubu 17 a shekarar 2024 kaɗai, fiye da ninki uku na abin da babban layinmu na ƙasa ke rabawa. Masu iko a can suka rage sayen wutar gwamnati, nauyin kuɗin tashoshi da layuka ya ƙara komawa kan waɗanda ba su da halin fita. Masana'antun Sharaɗa da Bomfai da Calawa ba za su farfaɗo da faranti a kan rufi kaɗai ba. Sola ba ta sauke wa kowa nauyin tsare layin Shiroro ba.

'Yan uwanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen shekarar ta rage wa Yamai raɗaɗi. Nakan tuna cewa jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi, haifaffen Tasawa, masanin kimiyyar da ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta Nijar a shekarun 1970 yana ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ma akwai cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana wannan aikin. Mutanenmu sun hango abin tun kafin ya zama kasuwa, mu ne ba mu riƙe shi ba.

Sai mataccen batir, wanda ba na jin ana maganarsa. Nawa guda biyun 'yan gwangwan na sayar wa, ban tambayi inda za su kai su ba, kuma daga baya abin ya dame ni. A wurare da yawa da gatari ake fasa su, a tsiyayar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili kusa da gidajen mutane. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda sama da yara 400 suka rasu, bai kamata sai an tuna mana ba. Ta can daga duwatsun zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yara take fara kamawa. Ya kamata a wajabta wa duk mai sayar da batir karɓar tsoho ya rage wa mai saye kuɗi, a san kuma inda tsohon yake ƙarewa.

Telan layinmu bai samu mai tsaya masa ba. Kwasar adashinsa ya jira, ya haɗa da kuɗin wani tsohon keke da ya sayar, ya sayi faranti biyu da ƙaramar inbata da batir guda. Daga hantsi zuwa la'asar keke ɗaya da fanka suna aiki shiru, har kana jin rediyonsa daga titi. Guga ya koma ta gawayi. Lita ukun ta dawo ɗaya, kuɗin biyun yana jefa su a asusu don faranti na uku. Kowace safiya ɗansa yana hawa da tsumma da ruwa a buta ya goge gilashin kafin ya tafi makaranta. Idan sallah ta matso, ɗinki ya taru aka shiga aikin dare, har yanzu janaretan yake jawowa waje ya ɗaure shi da sarƙa a jikin turke.